Yaron Da Aka Yar, Da Ladan Mai Reno

Wurin karatu: Ezekiel 16:1-14, Fitowa 2:1-10, Luka 10:30-37.
Aya ta haddacewa: Yaƙub 1:27.

Ga mai koyarwa: a karanta wuraren nan uku da murya tun ba a fara magana ba, kowane wuri mutum guda ya karanta. Idan akwai yara ƙanana a aji, a tsaya a aya ta 14 ta Ezekiel. Sauran surar na manya ne, su karanta a gida.

Jaririya a fili

Sa'anda mace ta haihu a garinmu, kowa ya san aikinsa. Ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta naɗe shi da zane. Tsofaffin mata su hura wuta domin ruwan wankan jego. Maƙwabta su shigo barka, wannan da sabulu, wancan da hatsi. Ranar suna kuwa gida ya cika, a yi addu'a, a faɗi sunan yaro kowa ya ji. Duk wannan hidima ba domin yaron ya yi wa kowa wani abu ba ne. Ana yi domin a shaida masa, tun bai san kome ba, cewa yana da mutane.

Mutanen Isra'ila ma suna da irin tasu al'ada. Su kan yanke cibiya, su wanke jariri da ruwa, su shafa masa gishiri, su naɗe shi da tsummoki. Annabi Ezekiel ya lissafta abubuwan nan huɗu a aya ta 4, amma ya lissafta su ne domin ya ce ko ɗaya ba a yi wa wannan jaririya ba. Ranar da aka haife ta, ranar aka kai ta fili aka yar, tana birgima cikin jininta. Ba wanda ya dube ta da idon tausayi.

Ezekiel firist ne, yana cikin waɗanda aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Ubangijinmu. Mutanen da ya ke yi wa magana masu fahariya ne da asalinsu. Suna cewa su 'ya'yan Ibrahim ne, birninsu kuwa birnin Dauda ne. Sai Allah ya aiko masu da wannan misali mai zafi: Urushalima, ke 'yar tsintuwa ce. Ni ne na zo wucewa, na gan ki, na umurce ki ki rayu.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa, labarin bai ƙare a wurin ɗauka ba. Daga aya ta 7 har ta 14 ana lissafta aiki na shekaru: girma, wanka, shafa mai, tufafi, takalma, abinci na gari mai laushi da zuma da mai, har da alkawari. Aya guda ta isa a faɗi yadda aka tsince ta. Ayoyi takwas aka ɗauka ana faɗin yadda aka raine ta. Wannan shi ne kan darasinmu na yau.

Kalmar da aka juya da "yar" a nan, a bakin Ibraniyanci ita ce wadda Fir'auna ya yi umurni da ita a Fitowa 1:22 a kan 'ya'ya maza na Ibraniyawa, ita ce kuma aka faɗa a kan Hajaratu a Farawa 21:15, sa'anda ruwan salka ya ƙare ta sa ɗanta a ƙarƙashin wani ɗan itace ta koma nesa tana kuka. Yana da kyau mu tsaya kaɗan a kan Hajaratu, gama mu kan yi saurin yanke wa uwa hukunci. Hajaratu ba muguwar mace ba ce. An kore ta daga gida, guzurinta ya ƙare, ba ta iya kallon mutuwar ɗanta. Yawancin matan da su kan ajiye jariri a bakin asibiti ko ƙofar majami'a, ko a tashar mota, sun fi kama da Hajaratu bisa ga Fir'auna. Wata yarinya ce da aka yi wa ciki, wanda ya yi ya musa, iyaye suka ce ta bar masu gida. Wata mijinta ya mutu cikin rikici, dangi sun warwatse. Wata hankalinta ya taɓu bayan haihuwa, ba wanda ya gane ciwo ne. Zunubi zunubi ne, ba mu ce yar da ɗa daidai ne ba. Amma idan ekklesiya ta kori yarinya mai ciki da kunya, ta rufe mata kowace ƙofa, sa'an nan bayan wata tara ta yi mamakin jaririn da aka tsinta a bayan gari, sai ta tambayi kanta ko ba ta da hannu a ciki.

'Yar Fir'auna ta biya lada

Yanzu mu koma Fitowa sura 2. Labarin nan kowane ɗan makarantar Lahadi ya san shi: wata uku ana ɓoyon yaro, kwando na iwa da aka shafe da kwalta, bakin kogin Nilu, 'yar'uwa tana tsaye daga nesa. 'Yar Fir'auna ta buɗe kwandon, ta ga yaro yana kuka, ta ji tausayinsa. Kalmar tausayin nan tushenta ɗaya da wadda Ezekiel ya ce jaririyar fili ba ta samu ba. Abin da aka rasa a Ezekiel 16:5, shi aka samu a Fitowa 2:6, a zuciyar arniya kuwa, 'yar mutumin da ya ba da dokar kisa. Allah ba ya rasa inda zai ajiye jinƙansa.

Amma akwai wata aya da mu kan tsallake sa'anda mu ke ba yara labarin, ita ce ta 9. 'Yar sarki ba ta iya shayar da yaron. Tausayinta, kome yawansa, ba zai zama nono ba. Saboda haka ta nemi mai reno, ta kuma yi mata alkawarin lada. A zamanin nan a kan shayar da yaro shekara biyu ko uku. Watau 'yar Fir'auna ta ɗaure kanta da biya na wata da watanni saboda yaron da ba ya ma cikin gidanta, ba ta ganin dariyarsa da safe, ba wanda ya ke yaba mata a kansa. Kukan da ya motsa zuciyarta na rana ɗaya ne. Ladan mai reno ya ci gaba da fita bayan kukan ya daɗe da shiru.

Akwai abu biyu kuma a nan da za mu koma kansu. Na fari, wadda aka biya ta yi renon, uwar yaron ce ta cikinsa, ko da shi ke 'yar sarki ba ta sani ba. Kuɗin fada ya mayar da yaro hannun uwarsa. Na biyu, sa'anda ya yi girma aka kawo shi, 'yar Fir'auna ta mai da shi ɗanta, ta raɗa masa suna. Istifanus ya tuna da wannan a gaban majalisa, a Ayyukan Manzanni 7:21. Musa bai girma a matsayin "yaron da aka tsinta" ba. Ya girma ɗan wata ne, da suna, da gida.

Dinari biyu

Misalin Basamariye ba a kan jariri ya ke ba, amma tafiyarsa ɗaya ce. Hanyar da ta sauka daga Urushalima zuwa Yariko wajen mil 17 ce, cikin duwatsu da kwazazzabai, maɓoyar mafasa. Mutum uku suka ga wanda aka yasar. Dukansu sun gani. Ɗaya kaɗai ya yi juyayi. Kalmar da Luka ya rubuta da Helenanci daga sunan kayan ciki aka samo ta, watau abin ya taɓa mutum har hanjinsa. Sau uku Luka ya yi amfani da ita: ga Yesu sa'anda ya ga gwauruwar Nayin a bayan gawar ɗanta (7:13), ga Basamariyen nan (10:33), da uban da ya hango ɗansa ɓatacce daga nesa (15:20). A dukan wurare ukun, da aka faɗi juyayi sai aiki ya biyo nan da nan.

Basamariye ya ɗaure raunuka, ya hawar da mutumin a kan dabbarsa, ya kwana yana jiyya. Gari ya waye, tilas ya ci gaba da tafiyarsa, gama shi ma yana da sha'aninsa. Ubangiji bai zarge shi saboda ya tafi ba. Amma dubi yadda ya tafi. Ya fitar da dinari biyu ya ba mai masauki. Dinari guda ladan ma'aikaci ne na yini, kamar yadda mu ke gani a Matta 20:2. Ya kuma yi alkawari cewa duk abin da aka kashe fiye da wannan, shi zai biya sa'anda ya komo. Bai san kwana nawa ciwon zai ɗauka ba. Bai sa iyaka ba. Ya ɗauki bashin da bai san adadinsa ba saboda mutumin da bai san sunansa ba.

Mai masauki fa? Ba a cika yin wa'azi a kansa ba, amma shi ne ya wanke miki a rana ta uku da ta biyar da ta goma. Gidan da a ke renon yaran da aka yar, shi ne masaukin nan. Matan da su ke tashi da tsakar dare su dama madara, su wanke tsummoki, su goya mai zazzaɓi zuwa asibiti, su ne mai masauki. Mu kuwa, yawancinmu ba za mu taɓa tsintar jariri da hannunmu ba. Rabonmu a cikin misalin shi ne dinari biyu, da alkawarin komowa.

Abin da ekklesiya ta yi a dā

A mulkin Rum, yar da jariri ba laifi ba ne a gaban shari'a. Uba yana da iko ya karɓi abin da aka haifa masa ko ya ƙi. 'Ya'ya mata da masu naƙasa su suka fi shan wannan. Yustinus Mai Shahada, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 150, ya shaida cewa masu bi suna ɗaukar wannan mugunta ce, ya kuma ce waɗanda a ke tsinta sau da yawa domin karuwanci a ke renonsu. Mu riƙe wannan: ba kowane mai ɗaukar yaro ne mai jinƙai ba, tun a dā. Sai a shekara ta 374, a zamanin Sarki Balantiniyan, aka yi dokar da ta tilasta wa iyaye renon 'ya'yansu. Kafin dokar ta zo, masu bi sun yi shekaru da yawa suna aikin a cikin gidajensu.

A ƙasarmu ma akwai abin tunawa. Mary Slessor, 'yar masaƙa daga Dandi a ƙasar Sikotland, ta iso Kalaba a 1876, ta shiga ƙasar Okoyong a 1888, inda a ke jin tsoron tagwaye har a kan kashe su ko a yar a daji. Ta riƙa karɓarsu tana renonsu a ɗakinta, waɗansu suka zama 'ya'yanta har ta rasu a 1915.

Amma bari mu daɗe a kan wani gida da ya fi kusa da yawancin masu karanta wannan littafi. Bayan da Turawa suka kafa mulki a Arewa, Gwamna Lugga ya yi shelar hana kamun bayi da cinikinsu a 1901. Aka riƙa tare ayarin fatake a hanya da jiragen ruwa a Binuwai, ana ƙwace yaran da za a kai kasuwa. Da yawa daga cikinsu an sace su ne tun suna ƙanana, ko an sayar da su a lokacin yunwa, har ba su iya faɗin sunan garinsu. An 'yanta su, amma ina za su? Gwamnati ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru. A 1909 kuwa aka miƙa yaran, fiye da ɗari, ga mishan ta Sudan United Mission, wadda ta gina masu gida a Rumasha, watau Umaisha ta yau a Jihar Nasarawa, a bakin Binuwai. Aka sa wa gidan sunan Lucy, matar Dokta Karl Kumm wanda ya kafa mishan ɗin, gama ta rasu a 1906. Daga baya aka ƙaura da gidan zuwa Wukari, aka rufe shi a 1925, sa'anda yaran suka yi girma, cinikin bayi kuma ya ja baya.

Ku ƙidaya: daga 1909 zuwa 1925 shekara 16 ke nan. 'Yanta yaro daga hannun mai fataucin bayi aikin sa'a guda ne, ɗan sanda da takarda sun isa. Ciyar da shi, da yi masa magani, da koya masa karatu da noma da sana'a, har ya yi aure ya kafa nasa gida, wannan ya ci shekara 16. Gwamnati ta ba da nata taimako, sauran kuwa daga baikon masu bi na ƙasashen waje ya fito, mutanen da ba su taɓa ganin Binuwai ba. Waɗansu daga cikin yaran nan suka zama malamai da masu bishara a ƙasar Binuwai. Ekklesiyoyi da yawa da su ke cikin tarayyar TEKAN a yau daga aikin mishan ɗin nan suka tsiro. Ashe maganar Ezekiel ta same mu kai tsaye. A cikin kakanninmu na bangaskiya akwai 'yan tsintuwa, waɗanda wani ya biya ladan renonsu. Gidan bai rasa aibu ba, gama yaran sun girma nesa da harshensu da danginsu, a ƙarƙashin baƙi. Duk da haka sun rayu.

A nan ya kamata manya su duba sauran surar Ezekiel. Babban ƙarar da Allah ya kawo a aya ta 22 ita ce, Urushalima ta manta da kwanakin da ta ke kwance tsirara cikin jini. Da ta manta, sai ta miƙa nata 'ya'ya ga gumaka (aya 20 da 21). A aya ta 49 kuma aka faɗi laifin Saduma: girman kai, ƙoshi, zaman jin daɗi, da ƙin taimakon matalauci. Wanda ya manta an tsince shi, shi ne ya kan wuce ɗan wani a hanya.

Kirsimeti da Agusta

Yanzu sai mu zo ga halinmu. Kowa ya san yadda mu kan yi. Watan Disamba ya kama, Zumuntar Mata ko ƙungiyar matasa ta ɗauki mota, a loda buhun shinkafa da katan na taliya da sabulu, a je gidan marayu. A yi waƙa, a ɗauki hoto, a koma gida da farin ciki. Ba na rena wannan, shinkafar ana cinta. Amma ɗakin ajiya ya kan cika a Disamba har a rasa wurin sa kaya, sa'an nan a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa, yara suna kwanciya da zazzaɓi ɗaya bayan ɗaya, ba motar da ta ke tsayawa a ƙofar. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kuma abin da gidan ya fi bukata sau da yawa ba ya shiga hoto. Jariri ɗan wata biyu ba ya cin shinkafa, madarar gwangwani ya ke sha, tana kuwa da tsada, ba a kuma fasa sayenta ko mako guda. Akwai kuɗin asibiti, da kuɗin makaranta, da gyaran rijiya. Fiye da duka akwai albashin masu reno. Mutane suna jin daɗin ba da abin da yaro zai sa a baki, amma idan aka ce a biya matar da ta ke renonsa, sai hannu ya yi nauyi, har wani ya ce ai aikin Allah ne, ta yi domin lada a sama. 'Yar Fir'auna ba ta ce haka ba. Idan ba a biya mai reno ba, za ta yi haƙuri wata uku ko huɗu, sa'an nan ta tafi neman abin da za ta ciyar da nata 'ya'ya. Yaron da ya fara sabawa da ita, ya fara miƙa mata hannu, ya sake rasa uwa. A sake kawo wata, ita ma ta tafi. Yaron da aka yar sau ɗaya a hanya, mu kan sa a yar da shi sau biyar a cikin gida saboda rowarmu.

Shari'ar Musa ba ta bar maraya ga motsin zuciyar mutane ba. A Kubawar Shari'a 14:28-29 an umurta a tara zakkar shekara ta uku a cikin gari domin Balawi da baƙo da maraya da gwauruwa. A 24:19-21 an hana mai gona ya koma ya kalace damin da ya manta, ko ya sake bin itacen zaitun da kurangar inabi. Ƙa'ida ce, tana aiki ko mai gona ya ji tausayi a ranar ko bai ji ba. Bulus ma, da ya ke tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya ce kowa ya riƙa keɓe wani abu a ranar fari ta kowane mako gwargwadon samunsa (1 Korintiyawa 16:2). A ganina, ekklesiyar da ta yanke ƙaramin abu ta rubuta a littafin ma'aji, tana aikawa kowane wata ba fashi, ta fi wadda ta kai mota cike sau ɗaya a shekara. Manoma kuma suna iya keɓe mudu kaza daga baikon kaka, a ajiye a rumbun ekklesiya, kada a kai sai damina ta yi tsakiya.

Masauki ba gida ba ne

Basamariye bai nufi mutumin ya zauna a masauki har mutuwa ba. Nufinsa ya warke ya koma wurin mutanensa. Haka gidan reno ya ke, kuma a kan wannan mun san abin da kakanninmu na zamanin Rumasha ba su sani ba sosai. Bayan faɗuwar mulkin Chaushesku a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara a manyan gidajen gwamnati, suna da gado da abinci, amma ba mai ɗaukarsu. Daga shekara ta 2000 masana suka bi yara 136 na birnin Bukarest, aka ba da rabinsu riƙo a gidajen iyali, rabi suka ci gaba a inda su ke. Waɗanda aka ba riƙo suka fi sauran ci gaba a hankali da magana da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka fitar tun ba su cika shekara biyu ba. A 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi ƙa'idodi masu cewa yaro ƙarami, musamman wanda bai kai shekara uku ba, a cikin iyali ya kamata a rene shi. Wannan bai ba mai karanta Zabura 68:5-6 mamaki ba, gama a can an nuna Allah uban marayu ne, aikinsa kuwa shi ne ya sa wanda ba shi da kowa a cikin iyali.

An kuma gane a ƙasashe da yawa cewa yawancin yaran da su ke gidajen marayu suna da uwa ko uba ko dangi na kusa da rai. Talauci ne ya kai su. A irin wannan hali, kuɗin da zai riƙe yaro a gidan marayu ya kan isa ya riƙe shi a ɗakin kakarsa. Ku tuna wa 'yar Fir'auna ta biya.

Saboda haka gidan da ya cancanci taimakonmu shi ne wanda ya ke neman dangin yaro da himma, ya ke murna sa'anda yaro ya sami iyali, ba wanda ya ke tara yara domin yawansu ya jawo baiko ba. Mu kuwa riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗa na kowa ne, in ji mutanen dā, kuma da wuya a sami gidan da ba a taɓa riƙon ɗan 'yar'uwa ko ɗan ƙane ba. Abin da ya ke mana wuya shi ne riƙon wanda ba mu san asalinsa ba. Mu kan ce, wa ya san jinin da ke jikinsa? Idan ya girma ya nemi aure a cikin ekklesiya, sai a fara raɗa. Ya 'yan'uwa, da Allah ya yi mana wannan tambaya a ranar da ya same mu, da wa zai tsaya? Bulus ya ce dukanmu ta wurin ɗiyanci aka shigo da mu (Galatiyawa 4:5, Afisawa 1:5). Ba ɗan gado ko ɗaya a cikinmu sai Yesu Kristi kaɗai.

A yi shi a fili

Wajibi ne a faɗi wannan, ko da ba daɗi. A ƙasarmu 'yan sanda sun sha kama gidajen da a ke tsare 'yan mata masu ciki a sayar da jariransu, waɗansu kuwa da sunan gidan marayu su ke fakewa. Domin wannan, kada ekklesiya ta aika da kuɗi ga kowane gida sai dattawa sun je da ƙafarsu, sun ga takardar rajistar gidan daga ma'aikatar jiha mai kula da mata da jin daɗin jama'a, sun ga littafin da a ke rubuta kowane yaro, ranar da ya zo, da wanda ya kawo shi, da inda ya tafi. Wanda ya tsinci jariri, ya kai shi asibiti da sauri, ya sanar da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Kada ya ɓoye shi a gida, ko da nufinsa alheri ne, gama wataƙila sace shi aka yi, uwarsa tana can tana nema. Mai son ya ɗauki yaro ya zama nasa, ya bi ta ma'aikata da kotu. Dokar 'Yancin Yara ta 2003, da dokokin da jihohi suka yi a kanta, sun shimfiɗa hanyar. Hanyar tana da tsawo, amma ita ce za ta tsare yaron ranar rabon gado.

Tambayar lissafi ba rashin bangaskiya ba ce. George Müller na Biristol a Ingila, wanda ya fara gidan marayu a 1836, ya rene yara fiye da 10,000 kafin ya rasu a 1898, an san shi da cewa ba ya roƙon kowa kuɗi sai Allah. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yana rubuta kowace kyauta da aka kawo, kome ƙanƙantarta, yana kuma buga lissafin shekara kowa ya gani. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, sai tare da 'yan'uwan da ekklesiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21). Mai riƙon gida na gaskiya ba zai ji haushi don an ce ya buɗe littafi ba.

Ayarmu ta haddacewa ta yi maganar ziyartar marayu cikin wahalarsu. Zumunta a ƙafa ta ke. Amma ziyara iri biyu ce. Akwai ta taron baƙi waɗanda su kan ɗauki yaro su rungume shi sa'a guda, su tafi ba su sake komowa, yaron ya bi motar da kallo. Akwai kuma ta mutum biyu ko uku, su ɗin dai, kowane mako, har yara su san sunansu, su ma su san wanda ke tari, da wanda ya ci jarrabawa, da wadda ta kusa shekara 18 ba ta san inda za ta ba idan ta bar gidan. Ta biyun ce Basamariye ya yi alkawarinta.

Tambayoyi domin aji

1. A Fitowa 2:1-10, ku lissafta matan da Allah ya yi aiki da su domin Musa ya rayu. Wace ce a cikinsu za ta iya aikin ita kaɗai?

2. Idan yarinya daga cikin ekklesiyarmu ta yi ciki ba aure, iyayenta suka kore ta yau da dare, a gidan wa za ta kwana? Ku faɗi gidan.

3. Wane gidan reno ne ya fi kusa da mu? Wa ya taɓa zuwa can a watan da ba Disamba ba? Masu reno nawa ne a gidan, yaushe aka biya su na ƙarshe?

Kafin a tashi, aji ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su je su samo amsar tambaya ta 3, su kawo ta a rubuce ranar Lahadi mai zuwa, a miƙa wa dattawa da ma'aji.